Jirgin Kara da Jirgin Kwali

Duk wanda ya bi hanyar da ta rabu da titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora, ta nufi Tudun Wada da Doguwa, a watannin da aka gama yankan dawa, da wuya ya rasa ganinsu. Yara uku ko huɗu a gindin bishiya, ga tarin kara a gabansu, ɗaya yana riƙe da tsohuwar reza. Sukan zaɓi sille miƙaƙƙe, su feƙe ɓawonsa a tsaye siri-siri, su ware totuwar gefe guda. Totuwa mai kauri ita ce gangar jiki, ɓawon kuwa shi ne ƙusa, shi ne haƙarƙari. Tayoyi daga tsohon silifa ake yanko su. Kafin la'asar an sami mota, ko rediyo, ko tabarau, ko jirgin sama. Mu ma da muka tashi tsakanin Bebeji da Kiru mun yi, kaifin kara ya yanke mu a yatsa, mun kuma sha faɗa a gida don mun zare kara daga jikin danga.

Ba a saba kawo irin wannan aiki a shafin sharhin adabi ba. Mun kawo shi ne don wani dalili da ya shafi rubutu kai tsaye. A 'yan shekarun nan ana ta samun matasan marubuta masu gwada ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa, irin wanda ake shiga kumbo a keta sararin samaniya. Da yawa daga cikin waɗanda muka karanta suna tuntuɓe a wuri ɗaya: idan aka zo kan abin hawan, sai alƙalami ya mutu. Za a ce wani irin jirgi ne mai ban al'ajabi, mai walƙiya, wanda ido bai taɓa ganin irinsa ba, shi ke nan a wuce. Mai karatu bai ga komai ba, saboda haka bai yarda da komai ba. Muna ganin akwai darasi a hannun yaran can na gindin bishiya, akwai kuma wani a cikin wasu kwalaye da aka riƙa sayar wa yaran Amurka da Ingila da Jafan daga shekarun 1950 zuwa na 1970. Bari mu fara da kwalayen, tunda su ne baƙi a wajenmu.

Kwali ne ɗan madaidaici, a bayansa an zana jirgi yana keta gajimare. Idan aka buɗe, ba jirgi za a tarar ba, sai gutsattsarin roba da aka zuba a ma'auni, kowane da lambarsa, tare da takardar da ke nuna wanne ke shiga cikin wanne. Yaro zai ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, ya liƙa da gam, ya shafa fenti, ya manna tambari. Kamfanin Airfix na Ingila ya fitar da jirginsa na farko, Spitfire, a kan ma'aunin ɗaya bisa 72, wato kowane inci ɗaya a jikin ɗan jirgin yana wakiltar inci 72 a jikin na gaske. A Amurka akwai Revell da Aurora da Monogram. Da farko jiragen yaƙin duniya na biyu suka fi yi. Da zancen zuwa sararin samaniya ya kankama, sai suka shiga sayar da abubuwan da babu su a duniya: kumbon zuwa wata, tashar da ke shawagi a sama, jiragen da aka gani a fim kawai.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne kamannin waɗannan jiragen ƙarya. Kusan dukkansu suna da dogon hanci mai tsini, siririn jiki, da fukafukai da suka kwanta baya kamar na shaho idan ya kawo sura. Ba daga mafarki masu zanen suka samo wannan siffa ba. Daga filayen gwajin jiragen soja suka ɗauko ta, kuma kowane sashe nata yana da dalilin da ya haife shi.

Sauti yana tafiyar kimanin kilomita 1,200 a awa ɗaya a kusa da ƙasa. Idan jirgi ya kusanci wannan gudu, iskar da ke gabansa ba ta samun sararin kaucewa, sai ta taru ta danne kamar bango, jirgin ya kama kakkarwa, linzaminsa ya daina jin magana. Injiniyoyin kamfanin Bell sun san akwai abu ɗaya da ya riga ya saba wuce sauti lafiya lau, shi ne harsashin babbar bindiga. Saboda haka suka ƙera jirginsu X-1 da siffar harsashi, kuma ranar 14 ga Oktoba 1947 Chuck Yeager ya wuce gudun sauti a cikinsa. Daga nan tsinin hanci ya samo asali. Sai F-104 na kamfanin Lockheed, wanda ya fara tashi a 1954: tsawonsa ya kusa mita 17, amma daga ƙarshen fiffike zuwa ƙarshen ɗayan bai kai mita 7 ba, bakin fukafukan kuma ya yi kaifin da sai an rufe shi idan jirgin yana ƙasa don kada ya yanki makanikai. Siririn fiffike shi ne ke yanka iskar da ta danne ba tare da ta riƙe shi ba.

Akwai ma labarin ƙugu. Jirgin F-102 na farko ya kasa wuce sauti a miƙe duk da ƙarfin injinsa. Wani mai bincike, Richard Whitcomb, ya gano cewa iska tana la'akari da kaurin jirgin gaba ɗaya ne, jiki da fukafukai a haɗe, don haka inda fukafukai suka fito dole jiki ya tsuke. Aka sake ƙera shi da tsukakken ƙugu irin na kwalbar lemo, kuma a ƙarshen 1954 ya wuce. Sannan ga XB-70, fari fat, mai injina shida a jere, da ƙananan fukafukai biyu kusa da wuya, wanda ya fara tashi a 1964. Idan ya kai gudu sosai, ƙarshen manyan fukafukansa yakan lanƙwaso ƙasa don ya tare iskar da jirgin ya danne, ya hau kanta. Ya kai ninki uku na gudun sauti. A ƙarshe ga Concorde na Ingila da Faransa, wanda ya fara tashi ranar 2 ga Maris 1969, watanni biyu bayan takwaransa na Tarayyar Sobiyet, Tu-144. Hancinsa ya yi tsawon da idan zai sauka matuƙi ba ya ganin titin jirgi, shi ya sa aka yi hancin yana sunkuyawa kamar kan zalɓe.

Waɗannan siffofi ne masu shirya fim suka kwasa. A Ingila, Gerry da Sylvia Anderson sun yi shirin talabijin na 'yan tsana mai suna Thunderbirds a 1965, kuma Derek Meddings ne ya jagoranci masu ƙera motoci da jiragen cikinsa. Saboda ƙarancin lokaci da kuɗi, sukan sayo kwalayen jiragen gaske irin su F-104 da B-58 da Draken na ƙasar Suwidin, su yanka, su ɗauki hancin wannan su haɗa da injin wancan, su juya fiffike, sai ga jirgin shekaru ɗari masu zuwa. Shirinsu na gaba, Captain Scarlet na 1967, yana da wani farin jirgin yaƙi mai hanci kamar allura da ƙananan fukafukai a kusa da hancin, kuma Airfix ya mayar da shi kwali ya sayar. Ka ga abin ya zagayo: jirgin gaske ya zama kwali, kwali ya zama jirgin fim, jirgin fim ya koma kwali. A fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968 akwai kumbon fasinja mai suna Orion, siriri mai kwantattun fukafukai, ɗauke da tambarin kamfanin Pan Am, shi ma Aurora da Airfix sun sayar da shi. Ko Star Wars na 1977, jikin kumbunansa cike yake da gutsattsarin tankokin yaƙi da jiragen ruwa da aka ɓallo daga kwalaye.

Idan za mu yi musu adalci, sun yi nasara a abu ɗaya babba. Yaron da ya ga jirginsu yakan yarda zai tashi. Ya ga inda iska ke shiga, ya ga inda wuta ke fita, ya ga ƙofar da matuƙi zai bi da ramin da taya ke komawa. Meddings har dauɗa yakan sa a shafa, da baƙin hayaƙi a bakin injin, don abin ya yi kama da wanda ya sha aiki. Ƙaryar ta zauna ne saboda an gina ta a kan abin da aka duba da kyau. Wannan shi ne abin da muke nema a rubutunmu muke rasawa.

Amma akwai inda suka gaza, kuma ya kamata marubucinmu ya san gazawar kafin ya kwaikwaya. Sau da yawa sun ɗauki siffa sun bar dalili. Tsinin hanci da kwantaccen fiffike maganin iska ne, a sararin samaniya kuwa babu iska. Orion yana da uzuri tunda yana sauka a duniya, amma kumbunan da ba sa taɓa shiga iska, me suke yi da fiffike? Ranar 20 ga Yuli 1969 gaskiya ta bayyana: abin da ya sauke mutane a kan wata ba shi da hanci ba shi da fiffike, ƙafafu huɗu ne da jiki mai kusurwoyi, kamar rumbun da aka lulluɓe da takardar alawa. Muni ne da shi, amma babu sashensa da ba shi da aiki. Fiffiken da aka maƙala wa kumbon fim ado ne kawai, kamar a ɗaura wa kwalekwale sirdi.

Gazawa ta biyu ita ce sun ɗauka gobe za ta zama jiya ce mai ƙarin gudu. Ba haka ta kasance ba. XB-70 guda biyu kacal aka ƙera. Ɗaya ya faɗi a watan Yuni 1966 bayan wani F-104 ya yi karo da shi ana tsakiyar ɗaukar hoton talla, ɗayan yana gidan tarihi a jihar Ohayo. Jirgin fasinja mai wuce sauti da Boeing ya yi alkawari, 2707, an soke shi a 1971 bai taɓa barin ƙasa ba, alhali Revell ya riga ya sayar wa yara kwalinsa. Concorde guda 20 aka ƙera, fasinja ɗari yake ɗauka, ya sha mai ba kaɗan ba, kuma tsawar da yake saki idan ya wuce sauti ta sa ƙasashe suka hana shi gudu a kan garuruwansu. Ya fara jigila a Janairun 1976, har yana yada zango a Dakar a hanyarsa daga Faris zuwa Riyo, aka kuma ajiye shi a 2003. Pan Am da aka zana a jikin Orion ya rushe tun 1991, shekara goma kafin shekarar da fim ɗin ya yi hasashe. Jirgin da ya canza rayuwar talaka, har da alhazanmu, shi ne mai ƙaton ciki da ba ya kai gudun sauti.

Gazawa ta uku ta fi nauyi. XB-70 an zana shi ne don ya kai bam ɗin nukiliya cikin Tarayyar Sobiyet. B-58 ma haka. Zanen bayan kwali ba ya nuna wannan. Yana nuna farin jirgi a shuɗin sama, ba ya nuna kowa a ƙasa. Yaron da ke liƙa fiffike a ɗakinsa a Landan kullum a kujerar matuƙi yake ganin kansa. Za mu dawo kan wannan, domin mu ba a wannan kujera muka fi zama ba.

Yanzu mu koma gindin bishiya. Idan aka duba jirgin karan yaran Bagauda da kewaye, za a ga ba shi da tsinin hanci. Dogon jiki ne mai kauri, fukafukai biyu a tsakiya, wutsiya a tsaye, wani lokaci da farfela a gaba wadda iskar hunturu ke juyawa idan yaron ya ruga da gudu. Wasu sukan huda ƙananan tagogi a jere. Wato jirgin fasinja ne, irin wanda ke ratsa samaniyar kudancin Kano daga Legas ko Abuja, irin wanda kaka ta shiga ta tafi Makka. Yaron yana yin abin da Meddings ya yi: ya ɗaga kai ya duba abin da ke akwai, ya gina nasa a kai. Ba ya ƙera dokin aljani ko darduma mai tashi, duk da a tatsuniya su yake ji.

A wani fanni ma ya fi ɗan kwali. Shi ɗan kwali an riga an yi masa tunanin. Lamba ta bakwai tana shiga lamba ta takwas, kuma idan yara dubu suka sayi kwali ɗaya, jirgi ɗaya za su fitar. Ɗan kara shi ne mai zane, shi ne maƙeri. Dole ya san halin kayan aikinsa: ɗanyen kara ba ya feƙuwa da kyau, wanda ya bushe ƙwarai yana karyewa, totuwar da ta sha raɓa ba ta riƙe tsinke. Dole ya warware matsala da kansa, misali yadda fiffike zai tsaya bai faɗo ba alhali babu gam. Wani ya soke ɓawo biyu ya gicciye, wani ya sa ƙaya, wani ya ɗaure da zaren buhu. Shi ya sa ba a samun jirgin kara biyu iri ɗaya, kuma a kowace unguwa akwai yaron da sauran suka san ya fi kowa hannu.

Sai dai ba za mu yi masa yabon da zai rufe mana ido ba. Jirgin kara ma siffa ce ba tare da dalili ba. Yaron ya san akwai fiffike, amma babu wanda ya gaya masa cewa samansa a ɗan kumbure yake, ko me ya sa wutsiya take tsaye. Ɗan kwali yana da takardar da ke gaya masa sunan jirgin, da shekarar da ya tashi, da gudunsa, kuma daga wannan 'yar takarda wasu suka kama hanyar zama injiniyoyi. Namu kuwa da ya kai shekara goma sha biyu sai a ce ya girma da wasan yara, a miƙa masa fartanya ko a kai shi tasha. Babu wanda ya taɓa ajiye jirgin kara. Kafin damina gara ta cinye. A yanzu ma motocin roba masu arha sun cika kasuwanni, kuma yaron da aka saya wa mota ba shi da dalilin feƙe kara.

Cewa hannun nan yana iya yin nisa, an ga shaida. A 2007 jaridun duniya suka ruwaito labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar lissafi da ƙarfin halitta a Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu daga tarkacen ƙarfe da injin tsohuwar mota ƙirar Honda, har ya ɗaga sama kimanin ƙafa bakwai. Ƙafa bakwai ba nisa ba ne, amma tazarar da ke tsakanin abin da ke kama da jirgi da abin da ke tashi ita ce tazarar da ke tsakanin sanin siffa da sanin dalili.

Wani zai ce ai marubucin Hausa yana da uzuri, tunda ba a ƙasarsa ake ƙera jirage ba, me zai duba? Wannan uzuri ba ya tsayawa idan aka tuna tarihin Kano. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya, ranar 1 ga Nuwamba 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka iso daga Masar. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin tashoshin da suka saurari John Glenn sa'ad da ya kewaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962. A watan Agusta 1963 Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, a shekarar kuma aka kafa rundunar sojan saman Nijeriya. Wannan runduna ta sami jiragen MiG-21 masu wuce sauti daga 1975, ta sami Jaguar a 1984, ta karɓi JF-17 a 2021. Abin dubawa bai taɓa yi mana ƙaranci ba.

Adabinmu ma ya taɓa amsawa. A 1969, shekarar da Concorde ya fara tashi aka kuma taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙon da ya zo daga sama, Kolin Koliyo, wanda ya tafi da shi yawon samaniya. Kafin nan, idan jarumi zai yi tafiyar da ƙafa ba ta iya yi, da aljanu ake haɗa shi, kamar yadda aka gani a Ruwan Bagaja da Ganɗoki na 1934. Dembo ya nuna ana iya ɗaga kai sama da Hausa a zamanin roka. Abin takaici, ƙofar da ya buɗe ba ta sami masu bi da yawa ba. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, soyayya da rikicin gidan aure suka fi rinjaye, labaran jarumta kuma suka koma ga takobi da tsafi da aljanu. Ba mu raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Sun samar da masu karatu fiye da kowane zamani. Amma sun bar gurbi.

Masu son cike gurbin a yau, galibinsu daga fim suke ɗaukowa. A nan ne haɗarin yake. Kumbon da suke gani a fim jikan kumbon Star Wars ne, shi kuma ɗan kwalayen roba ne, su kuma 'ya'yan jiragen gwaji na shekarun 1950 ne. Kafin siffar ta iso hannun marubucinmu ta bi ta hannu huɗu, kuma a kowane hannu an zubar da wani ɓangare na dalilinta. Shi ya sa idan ya zo bayyana ta ba ya samun kalma sai walƙiya da ban al'ajabi. Ba Hausar ce ta gaza ba. Harshen da ke da suna ga kowane sashe na masaƙa da kowane ƙarfe na maƙera, wanda makanikan Kano suka cika shi da sunayen sassan mota, ba zai rasa yadda zai kwatanta injin ba. Marubucin ne bai tsaya ya duba wani injin da idonsa ba.

Abin da muke ba da shawara ba shi ne a koma ana zana Concorde da Hausa ba. Hanyar ce abin ɗauka, wato a fara daga na'urar gaske wadda mutum ya sani ciki da waje. Wanda ya tashi a wannan yanki yana da su birjik. Ga madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da ƙofofinta da magudanan da ke kai ruwa gonakin Kadawa. Ga injinan casar shinkafa na Tudun Wada, da ƙararsu da ƙurarsu da bel ɗin da ke tsinkewa a ɗinke. Ga injin ban-ruwa da manomin rani ke kwancewa ya mayar da kansa a bakin rafi. Ga tsofaffin ramukan kuza na Riruwai a Doguwa. Marubucin da ya zauna yini guda wajen mai gyaran injin ban-ruwa, ya ga yadda ake hura fulogi, ya ji warin man da ya ƙone, zai iya rubuta kumbon da mai karatu zai yarda da shi, domin zai san cewa na'ura tana lalacewa, tana da sashen da ba a samu sai an yi aike Kano, kuma akwai mutumin da ya san halinta fiye da mai ita. Ya kuma tambayi kowane sashe da ya ƙaga: mene ne aikinka? Idan babu amsa, ya cire.

Sai batun da muka ce za mu dawo kansa. Zanen bayan kwali ba ya nuna kowa a ƙasa, mu kuwa mun san ƙasan. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya kashe mutane da dama a taron Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna. Akwai ƙauyuka a Arewa inda ƙarar jirgi ke sa uwa ta tattara 'ya'yanta, akwai kuma inda ake addu'ar jirgin ya zo don 'yan bindiga sun kewaye gari. Marubucin Hausa da zai ƙaga jirgin gobe yana da wannan sani da mai zanen kwali a Kalifoniya bai da shi. Idan ya kwafi farin jirgi a shuɗin sama ya tsaya nan, ya zubar da abin da ya fi kowa sani. Labarin da muke jira shi ne wanda zai iya nuna kyan na'urar, ya kuma faɗi wanda ya biya kuɗinta, da wanda ke tuƙa ta, da wanda take wucewa ta kansa.

Kafin a sami wannan labari, akwai ƙaramin aiki da ba ya bukatar izinin kowa. Makarantun firamare na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna kewaye da kara kyauta daga kaka har bazara. Malami ɗaya da zai ce kowane yaro ya kawo jirginsa ranar Alhamis, ya ɗaga ɗaya ya tambayi aji me ya sa fiffiken yake nan ba can ba, sannan ya sa su rubuta shafi guda kan inda jirgin zai je da abin da zai lalace a hanya, ya haɗa darasin kimiyya da na insha'i a zama ɗaya. Masu waya kuma su ɗauki hoton jiragen kafin gara ta riga su, a rubuta sunan garin da shekarar. Kwalayen Airfix da Aurora na shekarun 1960 suna nan a hannun masu tara kayan tarihi, ana rubuta littattafai a kansu. Jiragen da muka ƙera a shekarun ƙuruciyarmu ko ɗaya bai rage ba, kuma mu da muke wannan sharhi da ƙyar muka tuna yadda ake gicciye ɓawon da ke riƙe fiffike, sai da wani yaro a Kwanar Dangora ya sake nuna mana.